Haruffan Katin Biki

Mai shagon buga takardu ya kunyata ni a gaban mutane, kuma ko da ba da gangan ya yi ba, ban ce na ji daɗi ba. Har yau in aka miƙo mini katin biki mai rubutun nan lanƙwashe-lanƙwashe sai na ji wuyana ya ɗau zafi. Ranar yaye ajinmu ba za ta fita daga kaina ba har in koma ga Allah.

Na haura arba'in kafin na riƙe fensir. Ajin matan aure ne a wata firamare ta Ƙofar Wambai, muna shiga bayan la'asar, mu takure a bencin yara gwiwa na dukan tebur. Malamarmu tana rubutu da alli manya-manya, kowane harafi tsaye shi kaɗai. "a" ɗinta kamar ƙwai ne aka jingina masa sanda. A haka na san shi, kuma na ɗauka a haka yake ko'ina a duniya.

Ina da faccala, matar ƙanin mijina, yarinya mai kai, tana son shiga ajin kamar ta yi kuka. Mijinta ya hana. Tela ne, bakinsa ya fi almakashinsa kaifi, kuma da yake akwai wasa tsakaninmu ba ya raga mini.

"Matar Yaya, ai haddar aku kuke yi," in ji shi. "Ranar yayenku ki karanta takarda ina kallon idonki. In kin iya, matata ma ta shiga."

Na ce, "Ka riƙe bakinka, kada ranar ka ce zare ya ƙare maka."

Ni aka zaɓa in yi jawabin godiya. Da hannuna na rubuta shi, Malama ta ce bari ta kai a buga a kwamfuta don ya yi kyau. Ba a kawo ba sai da taro ya zauna, a cikin ambulan. Na miƙe, na gyara mayafi, na buɗe.

Jama'a, taliya na gani. Haruffan sun kwanta gefe guda, sun riƙe hannun juna, kowanne da jela, manyan kuma an yi musu naɗi kamar aikin wuyan babbar riga. Na nemi ƙwan nan da sandarsa, babu. Sunana ma da ke ƙasan takardar ban gane shi ba. Ina jin kukan jaririn wata a baya.

Malama ta matso ta raɗa mini, "Inna, ai kin san shi da ka. Ki riƙe takardar kawai ki faɗa."

Gaskiya ta faɗa, na san shi tun daga bisimilla har amin. Amma na hango telan nan ya harɗe hannu yana murmushi, faccalata a bayan mata ta zuba mini ido. In na yi haka, aku ɗin da ya faɗa na zama, ko da shi bai gane ba. Shekara nawa ina riƙe takardar asibiti ina gyaɗa kai kamar na fahimta? Abin da ya kai ni aji ke nan.

Na ɗaga takardar sama na ce, "Wannan rubutun ban iya shi ba. Ba shi aka koya mana ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba." Na koma na zauna.

Wasu sun yi dariya, wasu sun yi salati. Tela bai ko jira an raba lemo ba, ya leƙo ya ce, "Matar Yaya, zaren waye ya ƙare?" Ya sa matarsa a gaba suka tafi. Ba ta waiwayo ba, amma na ga tana share ido da bakin hijabi. Wannan ya fi dariyar ci mini rai.

A hanyar gida ne abu ya faɗo mini. Mahaifina yana da Alƙur'ani rubutun hannu, haruffansa masu kauri, baƙi wuluk. Da aka kawo masa bugu mai siririn rubutu daga Makka, sai da ya yi kwanaki yana bi da yatsa kafin idonsa ya saba, shi da ya sauke tun yana saurayi. Ashe boko ma haka yake. Harafi ɗaya ne, riguna ne da shi da yawa, mu kuma an nuna mana shi da kayan zaman gida kawai. Darasin da na ɗauka ke nan: in ka san abu a kama ɗaya tak, kada ka ce ka gama saninsa, kuma kunyar cewa "ban iya ba" ta fi sauƙin ɗauka a kan ƙaryar iyawa.

Washegari ko wanke-wanke ban tsaya yi ba, na hau keke napep sai shagon da Malama ta kai aka buga jawabin. Mutumin dattijo ne mai tabarau, ya ji bayanina ya dafe kai.

"Hajiya, wallahi karrama ku na yi. Irin rubutun nan ake sa wa katin manya, 'yan GRA ma shi suke zaɓa. Kwaikwayon rubutun alƙalamin mutanen da ne."

Na ce, "To mutanen da sun karanta abinsu. Kala nawa kake da su a cikin akwatin nan?"

Ya juyo mini da kwamfutar, yana ta gangarawa ba su ƙare ba: masu ƙiba, sirara, masu takalmi a ƙafa, wani "a" har da rumfa a kansa.

Na ja kujera na zauna. Na ce ya jera mini kowane harafi a layinsa, ya fara da irin na alli, ya bi da sauran rigunansa har zuwa na bikin, kuma ba zan tashi ba sai ya kai na ƙarshe. Ya tambaya kwafi nawa zai buga.

"Biyu," na ce. "Ɗaya na faccalata ne. Mijinta ya hana ta aji, bai hana ta shiga ɗakina ba."