Zobe na Waje

Muna Yammedi a lokacin, zamanin Turawa, ina kan goyo na uku. Ƙanin maigidana ya zo hutu daga makarantar Zariya da littafi mai hoton akwatuna jere-jere. Ina ɓarar gyaɗa a tsakar gida na tsokane shi.

"Malam ɗan boko, wannan hatimin na farin jini ne?"

"Matar Yaya, ke dai ba ki da ta ido. Jerin ƙwayoyin zarra ne, ƙananan abubuwan da Allah ya gina komai da su."

Ya ɗauki ƙwayar gyaɗa ya ajiye a ƙasa, ya zagaye ta da tsinke. Ya ce zarra ta saman layin akwatunan ke nan: cibiya, da zobe ɗaya na 'ya'yan da ke kewaya ta. In aka sauko ƙasa a layin, kowane mataki sai a ƙara zobe. Ya zana na biyu, ya zana na uku.

"Kin ga abin da ya sa ta ƙasa ta fi girma."

Na ce, "To cibiyar ba ta ƙara ƙarfi ne, ta jawo su jikinta?"

"Tana ƙarawa. Amma na ciki sun tare. Ɗan zoben waje ya yi nisa, jan ba ya isa gare shi sosai. Shi ya sa ya fi sauƙin ɗaukewa."

Ya yi dariya ya ci gyaɗar. Ni kuwa hannuna ya tsaya cikin ƙwarya.

Haka muke kwana. Jaririya a ƙirjina, yayarta a bayanta, ɗan farina can bakin tabarma wajen ƙofa. Kowace haihuwa sai ya matsa. Ga kunyar ɗan fari: ban taɓa kiran sunansa ba, ba na ɗaukarsa gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai in kau da kai har wata ta ɗaga shi. Kuma a makon nan gwaggon maigida ta aiko daga Gwangwan, ta ƙasar Rogo, tana son a ba ta shi riƙo.

Ranar da ta zo, ta tambaye ni gaban surukata, "'Yar nan, ko kina da magana?"

Ina da ita. Amma wace uwa ce za ta buɗe baki kan ɗan fari? Na sunkuyar da kai na ce, "Ai naku ne, Gwaggo."

Aka ɗora shi kan jaki. Ya waiwayo yana nemana, ƙanwarsa tana riƙe da zanena, jaririya tana kuka a baya. Ko zaure ban kai ba.

Zanen zoben da ƙanin maigida ya yi a ƙasa ya daɗe a gindin rumbu, don in ina shara kewaye shi nake yi, har kaji suka tone shi.

Da sallah aka kawo shi. Ya yi tsawo. Ya durƙusa nesa da ni, yadda ake yi wa baƙi, ya ce, "Ina wuni, matar gidan." Gwaggo ta yi ta yabon ladabinsa.

Yanzu jikokinsa ma sun girma, yana aiko min da goro da atamfa. Amma har yau in na shimfiɗa tabarma, sai na miƙa hannu can bakinta wajen ƙofa, in ga ko yana kaiwa.