Makabartarmu a Bayan Waya

Jiya a tashar jirgin ƙasa ta Titiwangsa, a nan ƙasar waje da nake zaune, na ga wasu samarin Turawa da askin soja, suna ta shewa riƙe da ledojin abincin da suka sayo, wanda a nan ake ce wa tapau. Maƙwabciyata 'yar ƙasar nan ta ce sojojin ruwa ne, jirginsu ya tsaya a gaɓa, kuma bana sun fi bara yawa. Ban san lokacin da tsaki ya kuɓuce mini ba.

Ina ƙarama aka kawo mana irinsu ƙauyenmu, can arewa bakin hamada. Da bazara suka zo, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Mai gari ya ce baƙin gwamnati ne, tsare mu za su yi. Kakana har ƙwaryar nono ya sa aka kai musu, aka dawo da ita ko buɗewa ba a yi ba. Kafin ruwan farko ya sauka sun ja waya mai ƙaya daga rijiyar gabas har bayan dutse, makabartarmu ta koma ciki.

A can iyayen kakana suke, a can kakata take. Duk Juma'a yakan kai musu ziyara. Sai ya koma tsayawa a bakin waya yana ɗaga hannu, jiragen sojojin marasa matuƙi na kuka a kansa kamar sauro. Ina ji ya ce wa babana, "In ta Allah ta kasance, ku kai ni ciki. Wurina na nan kusa da mahaifiyarka."

Ana cikin yankan gero ya rasu. Maza suka ɗauki makara har ƙofar sansanin, mu muna leƙe daga zaure. Tafinta ya fito ya ce sai an nemi izini daga babban birni, a dawo wani makon. Wani makon! Gawa, cikin wannan rana? Babana ya dawo idanunsa jajir. A waje suka haƙa, jikin wayar.

Kada ka ce mini in manta, mai karatu, don raina har yau a ɓace yake. An ce waɗancan sun kwashe kayansu, wasu masu wani yaren sun shiga, waya kuwa ko gezau. Nan ma ga shi suna ta cika teku da jiragen yaƙi, kowa na rantsuwa tsaro ne ya kawo shi. Ni dai ban ga abin da aka tsare mana ba. Kakata tana ciki, kakana yana waje, tsakaninsu ko jifa bai kai ba.