Wutsiyar Masu Hawan Dutse

Babana mai gyaran takalma ne. Rumfarsa tana jikin katangar tashar mota: kwanon rufi huɗu, benci ɗaya, sai akwatin katako da yake ajiye basilla da zare da gwangwanin gam. Shagon ɗinkina yana tsallaken titi, daidai saitinsa. Duk wanda ya zo wurinsa ina ganinsa, wanda ya wuce bai gaishe shi ba ma ina gani, kuma ina riƙewa. Ni ban ɗauko halin Baba ba. Shi ko taka shi ka yi, sai ya sunkuya ya duba ko takalminka bai ji ciwo ba.

Sau ɗaya a shekara, idan makarantu sun yi hutu, danginmu da abokan Baba sukan yi shatar bas su tafi wani babban dutse, tafiyar awa uku daga garinmu. A hau ta gefe mai tsauri, a ci abinci a sama, a gangara ta ɗaya gefen mai sauƙi inda bas take jira. Baffa, ƙanen Baba mai shagon magani, shi ne jagora. Shi ne mai usur a wuya da sanda mai kan ƙarfe, kuma shi ne a tsakiyar kowane hoto.

Baba kuwa shi ne na ƙarshe a layi. A tafiyar farko aka manta da Gwaggo a bayan wani dutse tana haki, har sauran suka kai sama ba su lura ba, sai Baba da ya juya daga hanya ya sauko da ita. Tun ranar Baba ya ce shi zai riƙa bin baya, kuma ba zai wuce kowa ba, komai nawarsa. Suka yi dariya suka sa masa suna Wutsiya. Sunan ya bi shi har tasha.

To, kowace shekara sai an sami wanda ya gaza, kuma wanda ya gaza Wutsiya ne yake sauko da shi ta hanyar da aka hau. Wata shekara gwiwar Gwaggo ce, wata shekara matar Baffa da tsohon ciki, wadda babu wanda ya aike ta. Amma gwanin gazawa shi ne Hedimasta, abokin Baba tun suna yara, mutum mai tumbi da yawan alkawari. Duk shekara sai ya rantse a cikin bas cewa bana sai ya ga ƙarshen dutsen nan. Da an kai wani faffaɗan dutse mai inuwar bishiya a rabin hanya, sai ya zube ya ce, "Ku je, ina tafe." Sau tara Baba yana sauko da shi, yana ɗauke da jakarsa.

Shekara ashirin da biyu ana wannan tafiya, Baba bai taɓa ganin saman dutsen ba. Ni ma ban taɓa ba, don ina yarinya kusa da shi nake maƙalewa, da na girma kuma haushi ya sa na daina binsu. A hanyar dawowa sai su cika bas da labari: wai daga can kana ganin garuruwa uku, wai kogi kamar zare, wai iskar wurin daban ce. Baba yana kujerar baya yana ɗinke maɗaurin takalmin wani, yana saurare, bakinsa a ɗan buɗe.

"Baɗi," in ji shi. "Baɗi zan gani."

Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya tashi, amma ƙafar jan ta yake yi. Likita ya ce ya riƙa tafiya, ni kuma na ɗauki aikin raka shi kowace safiya kafin mu buɗe. Da farko daga ƙofar gida zuwa famfon bakin layi. Daga baya har tasha. Sannan muka koma gadar sama ta masu tsallaka titi, mai matakala arba'in da biyu, mu hau mu sauko, mu sake hawa, masu sauri suna ratsa mu suna tsaki. Wata takwas muna haka.

Wata safiya a saman gadar ya tsaya yana mayar da numfashi, sai ya yi dariya.

"Auta, kin san wani abu? Bana ni ne mafi nawa a cikinsu. Babu wanda zan jira. Bana zan ga saman nan."

Ya gyara wa kansa takalma na musamman. Ya sa musu sabon ƙasa na robar taya, ya ɗan ɗage hancin na hagu don kada ya riƙa karo da duwatsu. Ya rataye su a ƙusa a cikin rumfa, kullum sai ya goge su.

Da hutu ya zo, ranar Litinin na ga matar Baffa ta kawo kambas ɗin mijinta a leda. Ranar Talata Hedimasta ya kawo nasa da kansa, ya zauna a benci ya yi hirar duniya, ya tashi. Kafin Laraba da yamma takalma ƙafa bakwai sun jeru a gaban Baba. Na san su duka. Takalma ne da ba sa fitowa daga ƙarƙashin gado sai sau ɗaya a shekara. Amma babu wanda ya ce da Baba ga ranar tafiya.

Sau biyu ya tsallako shagona da wayarsa a hannu, wai in duba masa ko ta lalace, saƙo ba ya shigowa. Wayar lafiyarta ƙalau. Na kira 'yar Baffa na ritsa ta, ta yi ta kame-kame, daga ƙarshe ta faɗa mini: an buɗe sabon guruf a waya, ban da Baba. Ranar Asabar za a tafi.

Ko rufe shago ban yi ba. Na sami Baffa yana ɗaure wa wata mata ƙwayoyi a takarda, na jira ta fita don kada a ce ba ni da tarbiyya.

"Baffa, ashe Asabar za ku hau dutse?"

Ya yi tsuru-tsuru, sannan ya gyara tabarau. "Auta, don lafiyarsa muka yi. Dutsen nan ba wasa ba ne. Kuma kin ga akwai mutane da yawa, zai jinkirta tafiyar."

"Zai jinkirta? Baffa, lokacin da ya sauko da matarka da ciki wata bakwai, wa ya jinkirta wa? Shekara ashirin da biyu kuna cin abinci a sama hankali kwance saboda kun san akwai wani a baya yana kwashe muku waɗanda suka zube. Yau sau ɗaya ya ce a jira shi, shi ne ya zama kaya?"

"Ke, ni kike faɗa wa magana?"

"Kai nake tambaya, Baffa. Da don lafiyarsa ne, da ka je ka zauna a bencinsa ka faɗa masa ido da ido. Ƙafarka ba ta san hanyar rumfarsa ba, amma takalminka ya sani."

Ya ce in fita masa daga shago. Na fita.

Niyyata in kwashe takalman nan in watsa su a kwata. Na tarar Baba ya ɗora na Hedimasta a gwiwa, yana huda shi da basilla, hannun hagun yana ɗan karkarwa.

"Baba, ka san tafiya za su yi ba kai?"

"Tun Litinin na sani," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba.

"To kake gyara musu?"

"Wannan ma ɗinki biyu zan yi masa. In ya ɓalle a can, wa zai ɗinke masa? Ba na nan."

Na zauna a bencin na fashe da kuka, ba na tausayi ba, na baƙin ciki zalla. Da na share hawaye na ce masa ya sauko da takalmansa daga ƙusa, Asabar za mu tafi, ko mu biyu ne.

Wani direban tasha da Baba ya daɗe yana yi wa gyara ya kai mu. Mun riga su Baffa isa, muka fara hawa rana ba ta yi zafi ba. A gindin dutsen Baba ya miƙo mini tsohuwar jakarsa mai basilla da zare da gorar ruwa.

"Yau ke ce wutsiya. Kin san dokar?"

"Ba a wuce kowa."

Yana gaba ina baya. Duk taku goma sai ya waiga, don wuyansa ya saba, sai ya ga ni kaɗai ce, ya yi murmushi ya ci gaba.

Da hantsi muka ji usur a ƙasanmu. Da Baffa ya sha kwana ya gan mu, usur ɗin ya suɓuce daga bakinsa.

"A'a, Yaya! Kai ne? Ai da ka faɗa mana kana son zuwa!"

Na buɗe baki, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya matsa gefe ya jingina da dutse. "Ku wuce, kada rana ta yi muku." Suka wuce ɗaya bayan ɗaya suna gaisuwar borin kunya, shi kuma idonsa yana kan ƙafafunsu, yana duba aikinsa. Hedimasta ne na ƙarshe, ya sunkuyar da kai kamar mai neman abin da ya yar. Babu wanda ya rage sauri.

Kafin azahar muka kai faffaɗan dutsen nan mai inuwa. Baba ya tsaya ya dube shi, ya ce, "Yau dai ba zama," ya wuce. Daga nan bai san hanya ba, komai sabo ne a wurinsa. Ya riƙa nuna mini abubuwa kamar shi ya ajiye su. Ƙafar tana ciwo, ina gani, amma hancin takalmin da ya ɗage bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

La'asar ta kusa muka hango saman. Saura wata matakala ta duwatsu, ba ta fi ta gadarmu sau uku ba. A tafiyar Baba, rabin awa. Babu motsin kowa a can, sun ci sun sha sun gangara ta ɗaya gefen.

A gindin matakalar muka tarar da Hedimasta a zaune a ƙasa. Fuskarsa ta yi fari fat, rigarsa sharkaf da gumi, gorarsa babu ko ɗigo. Ya ce ƙirjinsa ne ya riƙe, da ya ɗaga ƙafa zai hau sai jiri ya kwashe shi. Ya ce musu "ku je, ina tafe," kamar yadda ya saba, su kuma suka tafi. Awa uku yana nan. Waya ba ta kamawa, kuma bai taɓa sauka shi kaɗai ba, bai ma san hanyar ba. Takalminsa kuwa ko gezau, ɗinkin Baba ne ya kawo shi inda bai taɓa zuwa ba.

Baba ya ba shi ruwa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi rana, na san abin da yake aunawa.

"Baba, a'a," na ce. "Ya yi awa uku, ya ƙara ɗaya. Mu hau mu dawo mu same shi."

"In muka ƙara awa ɗaya, duhu zai same mu a hanya, da mai ciwon ƙirji da mai jan ƙafa."

"Mutumin nan yana cikin guruf ɗin! Ya zauna a bencinka ranar Talata bai ce maka komai ba!"

Hedimasta ya rufe fuska da hannu. Baba bai ko dube ni ba.

"Na sani, Auta. To wa zai sauko da shi?"

Gaskiyarsa ce, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Ya juya ya dubi matakalar nan, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, a hankali, "Ke ƙafarki lafiya. Ruga ki hau, minti goma ne, ki gano mini ki ba ni labari."

"Ba zan je ba."

"Auta."

"Kai ka ce ni ce wutsiya. Ba a wuce kowa."

Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. Ya sa hannunsa mai lafiya ya ɗago abokinsa. Muka juya, su biyu a gaba suna dafa juna, ni a baya da jaka biyu. Rana tana faɗuwa muka taka ƙasa, inda direbanmu yake jiran mu. Su Baffa kuwa sai da suka yi rabin hanyar gida, matar Hedimasta ta kira tana cigiyar mijinta, sannan suka waiga suka ga kujerarsa babu kowa.

Saukowar nan ce ta ƙarasa ƙafar Baba. Likita ya ce ko gadar sama kada ya sake hawa. Yanzu da sanda yake zuwa rumfa, kuma nan ce iyakarsa. Baffa ya zo dubiya da ƙaton hoton da suka ɗauka a sama, wai tsaraba. Na karɓa da hannu biyu, na kife shi a bayan kabad. Hedimasta kullum da yamma yana bencin Baba. Har yau ban ji ya ce a yafe masa ba, ni kuma gaisuwata da shi ba ta wuce kalma biyu.

Takalman suna nan a ƙusarsu, ƙasansu ko cinyewa bai fara ba. Shekaranjiya ina rumfar wani fasinja ya gan su, ya ce nawa.

"Ba na sayarwa ba ne," in ji Baba. Ya miƙa hannu ya goge hancin na hagun da bakin rigarsa. "Mai su bai gama da su ba. Saura masa rabin awa."