Tarkacen Ƙarfe

Shekarar da ruwan sama ya yi ta rushe gidaje a cikin birni, har aka ce wata madatsar ruwa ta ɓalle a kudu da Kano, ina da shekara goma sha uku. Ranar da nake tunawa wata Alhamis ce bayan la'asar. Ruwa ya kwana biyu yana zuba, azarar soronmu ta fara kuka, jar ƙasa tana zubowa daga rufi kamar ana tankaɗe. A unguwarmu, Soron Ɗinki, kowa katifa da buhun hatsi yake fitarwa. Shi kuwa babana, Malam Habu, ya tattare rigarsa ya ɗaure a ƙugu, ya shiga soron nan yana fito da kekunansa. Ba turo su yake yi ba, a kafaɗa yake ɗauko su don kada taya ta taɓa taɓo, ni kuma ina karɓa ina jinginawa a rumfar maƙwabta. Sau bakwai ya shiga. Inna tana tsaye daga bakin ƙofa tana cewa, "Malam, ƙarfe fa ba zai yi maka sallar gawa ba." A ƙarshe gefe ɗaya ne kawai na soron ya zube, da kaka muka yi masa yaɓe, muka mayar da kekunan mazauninsu.

Babana maɗinki ne, ɗinkin hannu na manyan riguna. Yakan yi wata biyu a kan wuyan riga ɗaya. Ba ya zaman mai shayi, ba ya tsayawa wurin mai tsire, abin da ya rage masa bayan cefane tsofaffin kekuna yake nema da shi. Ba irin waɗanda ake sayarwa a kasuwa a lokacin ba, waɗanda yake cewa in ka yi atishawa sai su lanƙwashe. Na zamanin Turawa yake bi, masu nauyi, waɗanda aka daina kawowa tun kafin a haife ni. In ya ji wani tsohon ma'aikaci ya rasu a Gwale ko Kabara, sai ya bari a yi arba'in, sannan ya je ya sake yin gaisuwa, ya zauna, can ya tambaya ko marigayi ya bar keke. Mutanen unguwa suna yi masa dariya. In ya wuce majalisa sai wani ya ce, "Mutum ɗaya, ƙafa biyu, keke bakwai." Shi kuwa sai ya ce, "Kai ma bakinka ɗaya, amma maganarka ta fi bakwai."

Kowane keke da sunansa. Akwai Masinja, baƙi wuluk, wanda wani tsohon masinja ya yi shekara talatin yana kai takardu a kansa, har sirdinsa ya lotsa daidai zaman mutumin. Akwai Ɗan Barno mai sanda biyu, wanda ya saya wurin wasu 'yan kasuwa Barebari a Kabara, aka ce da shi kakansu yake ɗaukar kanwa. Akwai na mata wanda ba shi da sanda, muna ce masa Sista. Amma babbansu shi ne Ango. A da in mutum ya sayi sabon keke ba ya cire takardar da aka naɗe jikinsa da ita daga kamfani, yakan bar ta don a san sabo ne, har sai ta yage da kanta. Wanda ya fara sayen Ango ya rasu kafin ya hau shi sau goma, iyalinsa suka rataye shi a ɗaki. Babana ya same shi da takardarsa a jiki, ta yi ja saboda tsufa, amma ba ta yage ba. Ya ce ango ne da bai tuɓe rigar ɗaurin aure ba. Ko ni ba na taɓa sandarsa, ta sirdi da kai nake riƙe shi.

Kowace Juma'a da hantsi aikina ne in fito da su ƙofar gida in jera. In wanke sarƙa da kananzir, in goge farin ƙarfen da toka da lemon tsami har in ga fuskata a jikin ƙararrawa. Babana yakan kwance taya ya zuba boris a faranti, in wanke su ɗaya-ɗaya, ya shafa giris ya mayar. In ƙwaya ɗaya ta faɗi cikin ƙasa, ba mai tashi sai an gan ta. Abokaina suna wucewa da garensu suna kora shi da kara, suna roƙona in samo musu tsohuwar ƙafar keke, ba su san a gidanmu ko ƙusa ba a yarwa ba. Guda ɗaya aka yarda in hau, wani gajere mai taurin kai da muke kira Jaki. A kansa na koya, ina zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda, ina faɗawa kwata, ina tashi. Makarantar allo na yi, da yamma kuma in zauna kusa da babana in riƙe allura. Boko kuwa babana ya ce ba sai na yi ba, allo da allura sun ishi mutum. A nan ya yi kuskure, Allah ya gafarta masa, kuma kekunansa ne suka biya.

Da bazara ta zagayo ya kwanta, kwana tara. Ana saura kwana biyu ya rasu ya kira Inna da ƙanensa, Baffa Ɗanlami, ina zaune ina yi masa fifita. Ya ce, "Kekunan nan kada a raba su. A yi musu ƙima a sa wa Ado a rabonsa, ko da zai rasa ɗaki." Ado ni ne. Baffa ya ce, "Haba Yaya, kai dai Allah ya ba ka lafiya."

Baffa Ɗanlami akawu ne a wani kamfani, shi kaɗai ne mai boko a gidanmu, kullum da biro biyu a aljihun gaba. Saboda haka shi ya rubuta jerin abin da babana ya bari, don a kai wa malamin da zai raba gado tsakanina da Inna da ƙannena mata biyu. Malamin wani dattijo ne a Kabara, ƙafa ta hana shi fita, abin da aka karanta masa a takarda shi yake rabawa. Yadda ake yi kuwa, abin da aka kira dukiya a yi masa ƙima a raba. Abin da aka kira tarkace, irin su fasasshen tulu da tsohuwar tabarma da gwangwani, ba ya shiga rabo, ana share shi ne, in an sami wani abu a kansa a zuba a sadaka. Baffa ya tara mu a tsakar gida ya karanta mana, yana bin layi da yatsa. Ɗakuna biyu. Riguna. Littattafai. Tumaki uku. Ya sauko layi na ƙarshe ya ce, "Kekuna bakwai." Da kunnena na ji. Ya goga mana tawadar biro a babban yatsa, ni da Inna muka dangwala. Ya ba Inna kwafi ɗaya ta adana.

Bayan sati biyu ya aike ni kasuwar Kurmi neman wani launin zare da ya san ba a samunsa da sauƙi. Na dawo wajen azahar. Tun daga kwanar layinmu na ji ƙarar zarto. Mutum biyu ne masu sayen tsohon ƙarfe, sun baje a ƙofar gidanmu, a daidai inda nake jera kekunan ranar Juma'a. Sun cire ƙafafun sun tara gefe ɗaya, suna yanka jikin gunduwa-gunduwa don ya shiga kura. Ɗan Barno ya riga ya zama guntaye. Takardar Ango tana cikin kwata, ruwan wanke-wanke yana tafiya da ita, ɗayansu ya taka sandarsa da ƙafa yana ja da zarto. Na yar da zaren na rungumi ƙafar keke ɗaya na ƙi saki. Baffa ya fito, ko murya bai ɗaga ba. Ya ce, "Malam mai rabon gado ne ya ce a sayar. Da shari'a za ka yi jayayya?" Daga bayan ƙyaure Inna, wadda take cikin takaba, ta ce, "Ado, haƙuri." Sai na saki.

Tun daga ranar ake kirana Ado mai haƙuri, kuma ba sunan da na tsana kamarsa. Kafin wata ya ƙare Baffa ya kafa injin markaɗe a soron. Ƙafafun kekunan kuwa ba su bar unguwa ba, masu sayar da ruwa ne suka saye su suka sa wa kurarsu. Shekara da shekaru ina zaune ina ɗinki, sai in ga ƙafar Masinja ta wuce ta gabana tana ɗauke da jarkoki, na gane ta da jar wayar da babana ya naɗa mata. Ban riƙi Baffa da komai ba, a ganina ɗan aike ne. Malamin nan na Kabara na riƙa. In na ji shi ne zai yi addu'a a wurin suna ko ɗaurin aure, sai in zame. Da ya rasu birni ya taru a jana'izarsa, ni na zauna a rumfata na ci gaba da ɗinki.

Shekara uku da suka wuce na shiga ajin yaƙi da jahilci a Gwale, ina da furfura a gemu. Da muka fara haɗa baƙi, malaminmu ya ce kowa ya nemo tsohuwar takarda a gida ya gwada karantawa. Inna ta buɗe adakarta ta ba ni takardar nan, ta ce ita kaɗai ce mai rubutun boko a ɗakinta. Na zauna a bakin ƙofarta ina bi da yatsa kamar yadda Baffa ya yi. Ɗakuna biyu, na karanta. Riguna. Littattafai. Tumaki uku. Na zo layi na ƙarshe ina jiran in ga baƙin da ake fara rubuta keke da shi, sai na ga wani daban. Na haɗa a hankali, sau uku, don kada in ɗauki alhakin mutum. Tarkacen ƙarfe. A ƙarƙashinsa ga yatsana.

Baffa yana nan da rai, ya tsufa, ido ya tafi. Na same shi a kan tabarma a cikin soron, inda injin ya daɗe da mutuwa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, na iya karatu." Ya ce, "Madalla, ɗana." Na karanta masa takardar tun daga sama har ƙasa. Ya ce, "To mene ne su in ba tarkace ba? Ubanka ya cika soro da ƙarfe, mu muna neman abin da za mu ci." Na ce, "Da ka faɗa mini haka a ranar. Me ya sa ka ce Malam ne?" Ya ce, "Da na ce ni ne, za ka saki?" Ya juya fuska bango, ya ce in turo masa yaro da buta. Ba na jin ya kwana da abin a ransa ko sau ɗaya.

Washegari na je Kabara wurin babban ɗan malamin, na faɗa masa duk abin da na riƙe a kan mahaifinsa. Ya ce shi ne ma ya karanta masa takardar a ranar, kuma ba wanda ya ambaci keke. Ya ce ya yafe a madadin gidansu. Amma wanda na ƙi bai san na ƙi shi ba, kuma ba ya nan balle in durƙusa a gabansa.

Yanzu irin kekunan nan sun zama abin nema. Akwai masu zuwa har cikin lungu suna tambayar tsofaffi ko akwai wanda ya rage a rataye, su wanke shi, su ɗauki hotonsa da waya. Waɗanda suka yi wa babana dariya, 'ya'yansu ne suke tare ni suna cewa ashe Malam Habu ya san abin da yake yi. Wani ma ya ce zai sayar mini da ɗaya. Na je na gani, keke ne mai kyau, amma ban san wanda ya lotsa sirdinsa ba, na bar masa abinsa. Inna har yau cewa take in yi haƙuri, ni kuwa na ga inda haƙuri ya kai ni.

Ga abin da kalma biyu suka ci: keke bakwai, wasiyya ɗaya, shekara talatin da ɗoriya ina ƙin mutumin da bai yi mini komai ba, da jana'iza ɗaya da ban je ba.