Wuyan Tsuntsayen Senen

Senen ɗan masunta ne a tsibirin Ternate, amma teku ba ta karɓe shi ba. Da ya shiga kwalekwale sai amai. Sai ya ɗauki bindigar kawunsa ya nufi dajin gindin dutse, ya zama maharbi. Ba shi da yawan magana, salla ba ta wuce shi. Ya auri Halija mai ɗinki, wadda ko ƙuda ya sake wurin sauka sai ta lura. Ɗansu ɗaya, Dula.

Shekarar da dutsen ya yi ta aman toka, wani Bature ya sauka a garin, ana ce masa Tuwan Harlo. Ba ya ciniki, ba ya wa'azi. Ƙwari yake tarawa da fatun tsuntsaye, wai yana son sanin abin da ya bambanta akun wannan tsibiri da na tsallake, alhali kamar kakansu ɗaya. Mutane suka ce wanda ya ƙetaro teku don ƙwaro, akwai abin da bai faɗa ba.

Ya ɗauki Senen aikin harbi da fiɗa. Fata ta Tuwan ce, nama na Senen, amma kada wuƙa ta taɓa wuya, don kada fatar ta lalace.

Halija ba ta san da wannan sharaɗi ba sai ran da ta bi ta ƙofar Baturen, ta ga fatun a shanye, kowane wuya lafiya lau. Abin da harsashi ya kayar ba ya halatta sai an yanka. Ashe mushe take zuba wa ɗanta a miyar tuwon sago, abincin tsibirin?

"Baban Dula, tsuntsayen nan wa ke yanka su?"

"Mijinki."

"Ta ina? Ta ƙafa?"

"Ke dai ci, uwar bincike. Kin taɓa ganin na ci haram?"

Ba ta ci ba, ta hana yaron. Ana haka ƙaramar allurarta ta ɓace. Sai kuma ta lura gashin da take bari a mataji ba ya wuni. Allura, gashin mace, mushe, ga Bature mai tara gawa. Ta ƙudura cewa in zarginta ya tabbata, liman za ta kai wa magana, ta ɗauki ɗanta ta koma gidansu.

Da hantsi ta bi sawun Senen har daji, ta laɓe bayan wani kututture. Bindiga ta tashi, wata kurciya mai koren wuya ta faɗo tana shure-shure. Senen ya ruga ya ɗauke ta, ya fuskantar da ita alƙibla, ya hure gashin wuyan ya buɗe, ya yi bisimilla ya yanka da 'yar wuƙa. Ya barbaɗa garin sago, garin ya tsotse jinin. Bayan ya feɗe, sai ya zaro allurarta daga hularsa, ya zura silin gashinta, ya duƙufa ɗinke wuyan ta ciki, nasa harshen a waje don himma.

"Wannan ɗinki ne ko ƙullin buhu?" in ji Halija.

Ya zabura. "Uwar Dula, rufa mini asiri. In Tuwan ya ji, na rasa aikin."

"Shi ya sa ka bar ni da zargi?"

"Ke da matan rijiya ba ku da ɓoyayye."

Ta harare shi, ta karɓi allurar, ta warware ta sake. Daga ranar ɗinkin ya koma hannunta. Sai dai ba ta daina ce masa ya gaya wa mutumin gaskiya ba, shi kuma kullum sai ya ce gobe.

Goben ba ta zo ba har Tuwan ya ɗaure akwatunansa. A bakin jirgi ya miƙa wa Senen wani ɗan ƙunshi. Da suka buɗe a gida, allurai ne sirara, irin waɗanda ba a samu a kasuwarsu.

Senen ya tsufa yana harbi har idonsa ya gaza, ya rasu a ɗakinsa, Allah ya jiƙansa. Har ya koma ga Ubangijinsa yana cewa alluran kyauta ce kawai. Halija ba ta taɓa yarda ba. Ta ce mutumin da ke ƙirga gashin ƙafar ƙwaro ba zai kasa ganin ɗinki ba.