Dattijuwar Bakin Kogo

A bakin kogon da muka zo neman kwaɗi da ƙadangaru, wata dattijuwa da ban sani ba tana durƙushe cikin taɓo, da tocila ɗaure a goshi. Ina kai hannu zan ɗaga wani dutse, sai ta cafke ni.

"Ɗana, ba ta gabanka ake buɗewa ba. Kamo can gefen ka jawo, dutsen ya kare ka."

Na yi yadda ta ce. Ashe maciji ne naɗe a ƙarƙashi, ya sulale ya yi gaba.

Ina ta godiya, tana mayar da dutsen mazauninsa, sai idona ya sauka kan hannunta na hagu. Yatsu huɗu ne. Da alama ita ba ta sami mai cafke ta ba.