Laka a Gaban Wuta

Ranar Arfa ta shekarar da na cika tara, da hantsi, wuta ta tashi a ɗakin maƙwabciyarmu a kan dutsen da ke bayan unguwar Utaibiyya, a ƙasa mai tsarki. Maza duk sun tafi aikin alhazai a Arfa, wasu girki, wasu shara. Mata ne kawai da yara a unguwar, yawancinsu da azumi a baki. Ɗakunanmu na katako ne da kwano, manne da juna, motar kashe gobara kuwa ba ta hawa matakala.

Tsakanin ɗakinmu da na maƙwabciyar akwai akurkin tantabaruna, wanda babana ya haɗa mini da katakon akwatunan lemo. Kullum idan na hawo da jarkar ruwa daga gindin dutse, su nake fara shayarwa kafin mutanen gida, har Umma na cewa tantabaru ne suka haife ni. A ranar akwai 'yan shila biyu a ciki, ko gashi ba su gama yi ba.

Mata suka yi ta sheƙa ruwa a cikin wutar, tana shanyewa kamar ba a zuba ba. Sai kakata Inna Tumba, basakkwaciyar da ta zo aikin hajji ta zauna, ta tare su. "Halas, ya isa haka, ku bar ɓarnar moya, ruwan nan kaɗan ne. Abin da tac ci ta ci, ku tare mata gaba." Ta sa aka kwaɓa ƙasa da sauran ruwan, aka yaɓe bangonmu da lakar, domin ruwa zalla bushewa yake yi nan take, laka kuwa tana zama. Ta ce haka suke yi wa rumbu a gida. Daga nan ta buɗe ƙofar akurkina, manyan suka tashi, ta sa taɓarya ta rushe shi, ta ture katakon zuwa gangare. Na riƙe zanenta ina kuka ina faɗin 'yan shila, ko waiwayowa ba ta yi ba. Wutar ta iso wurin, ta rasa abin ci, ta lashi laka ta kwanta. Na yi kwanaki ba na yi wa Inna magana.

Kwanan baya ɗana ya nuna mini a waya wani jirgin sama yana zuba jan ruwa mai kauri a dajin wata ƙasa da ya kama da wuta. Yana dariya, wai matuƙin ya kasa saitin wutar. Na ce masa da gangan ne, itatuwan da ke gabanta ake shafewa don ta rage gudu, masu kashe ta su samu su kewaye ta.

Yau muna zaune a bene na siminti, Inna ta daɗe da rasuwa, ban kuma taɓa ce mata na gode ba. Tantabaruna ba su dawo ba. Har yanzu idan na ratsa harabar Harami, nakan tsaya ina duban waɗanda ke tsintar hatsi, ko akwai jikokin nawa.